Lafiya Lau Daga Indiya

Abu na farko da jami'ar ta ba ni a ƙasar Indiya furanni ne. Ina fitowa daga inda ake duba fasfo, jiri na ɗibana saboda doguwar tafiya, sai wani saurayi sanye da riga mai tambarin makarantar ya rataya mini sarƙar furanni ruwan ɗorawa a wuya, wani kuma ya durƙusa da kyamara. Aka ce in yi murmushi, na yi. Aka ce in ɗaga babban yatsa, na ɗaga. Da suka ga hulata a hannu sai suka ce in mayar da ita kaina, wai ta fi nuna daga Afirka na fito. Ana gama ɗauka saurayin ya zare furannin daga wuyana ya mayar cikin leda, domin akwai wani ɗan Tanzaniya da jirginsa ke tafe.

Sunana Aminu, mutumin Bodinga. Na yi shekaru ina fassara labarai ina karanta su a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Sakkwato, da takardar difloma kawai, kuma duk ƙarin girman da ya taso sai ya tsallake ni ya faɗa kan mai digiri. Ina cikin wannan hali aka yi baje kolin jami'o'in ƙasashen waje a wani otal. Teburin wannan jami'ar ya fi na kowa ado. Akwai littafin talla mai santsi kamar an shafe shi da man gyaɗa, akwai allo da ke nuna tafki da ciyayi da ɗalibai farare da baƙaƙe suna dariya, kowa rungume da littafin da bai buɗe ba. Na bar lambar wayata. Daga ranar wata mace mai taushin murya ta riƙa kirana kusan kullum, Mista Aminu kaza, Mista Aminu kaza, har ranar da ta taya ni murna: saboda hazaƙata, in ji ta, an yafe mini rabin kuɗin makaranta. Babana ya sayar da shanun huɗarsa ya cika sauran. A majalisarsu ta bakin masallaci kuwa ba wanda bai ji cewa Indiyawa sun zaɓi ɗansa ba.

A gidan rediyo an koya mana kada mu yarda da labari sai ya fito daga majiya biyu. Na bi ƙa'ida. Na nemi lambar Sanusi, wani ɗan Horo Birni da ya riga ni zuwa da shekara guda, na tambaye shi yadda wurin yake.

"Lahiya lau, wallahi," ya ce. "Wuri ya yi. Kai dai ka taho."

Sai daga baya na gane majiyoyin nan biyu bakinsu ɗaya.

Daga filin jirgi muka yi tafiya mai nisa a mota, muka bar birnin da sunansa ke jikin littafin talla, muka bar garin da ke bayansa, sannan muka iso ƙofar jami'a. Ba zan rage wa ƙofar nan komai ba. Farin dutse ce mai sheƙi, da zakuna biyu na siminti, da famfo mai feshin ruwa sama, da tutocin ƙasashe a jere har da tamu. Bayanta akwai bene na gilashi. Duk hoton da aka nuna mana, tsakanin ƙofar nan da benen nan aka ɗauke shi. In ka zagaya bayan benen sai ka tarar da jami'ar kanta: gine-ginen bulo da ba a shafe ba, ƙarafuna tsirara a samansu, da fili inda baƙaƙen shanunsu masu kama da ɓauna ke kiwo. Na tambayi mai gadi ina tafki. Ya nuna mini wani kududdufi da ya fara ƙafewa. Da damina aka ɗauke shi, daga sama, da 'yar kyamarar nan mai tashi.

A jikin benen an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ita ce jami'a ta ɗaya. Na matsa kusa, domin aikina ya saba mini da karanta ƙananan rubutu. Ta ɗaya ce a cikin sababbin jami'o'i masu zaman kansu na wannan gundumar, a ra'ayin wata mujalla. Daga baya na ga mujallar a teburin baƙi. Tallar jami'ar ce a bangonta na baya.

Ɗan Tanzaniyan da ya gaji furannina shi aka haɗa mu ɗaki. Juma sunansa, mutum mai barkwanci. Muna kwance kayanmu, fanka na juyawa kamar an tilasta mata, na ba shi labarin tallafin da na samu.

"Kai ma haziƙi ne?" ya ce da Turanci. "Madalla. Ni ma haziƙi ne. Na ɗakin can ma haziƙi ne, ga shi ko sunan kwas ɗinsa bai iya rubutawa ba. Duk benen nan babu daƙiƙi ko ɗaya."

Muka bi ɗaki ɗaki muna tambaya. Ba mu sami wanda ya biya cikakken kuɗi ba. Farashin da ake yafe rabinsa ba a taɓa karɓarsa daga hannun kowa ba. A kasuwar Bodinga ma dillali na yin haka, sai dai shi ba ya taya ka murna.

Abin da ya kawo ni shi ne ɗakin watsa shirye-shirye da na gani a hoto. Na same shi, a ƙasan benen gilashi. Akwai jan fitila, akwai makirufo masu tsada, akwai bango mai laushi da ke tsare ƙara. Makullinsa kuwa ba a sashenmu yake ba, yana ofishin talla. Ana buɗe shi ne in iyaye ko wakilai sun zo zagaye. Ranar da aka shiga da mu, aka zaunar da ni gaban makirufo don baƙi su gani, sai na sunkuya kamar zan gyara takalmi na leƙa ƙarƙashin tebur. Wayoyin a naɗe suke cikin ledarsu, ba a haɗa su da komai ba. Ƙaramin ɗakinmu na Sakkwato, wanda muke toshe tagarsa da tsohuwar katifa, ya fi wannan amfani, domin shi in ka yi magana ana jin ka a Dingyadi.

Malamai kuwa kamar 'yan ci-rani suke. Wanda ya fara muku darasi ba lallai ne shi zai ƙare ba. Mutum ɗaya ne ya zauna, wani dattijo da ya yi aikin rediyo a ƙasarsu har ya yi ritaya, muna ce masa Farfesa ko da yake ba shi da wannan muƙami. Da 'yar rikodarsa yake zuwa daga gida, ita muke karɓa-karɓa. Bai taɓa zagin jami'ar a gabanmu ba, bai kuma taɓa yabonta ba. Da ya ga na rame, yaji da ɗanɗanon abincinsu sun hana ni sakat, sai ya gayyace ni gidansa. Matarsa ta sa na kwatanta mata tuwo. Mako na zagayowa ta niƙa shinkafa ta tuƙa, ta yi miyar kuɓewa yadda ta fahimta. Tuwon ya yi ruwa, miyar ba daddawa. Na cinye tas ina kallon kwano, don kada su ga idona.

A saman benen gilashi ofishin talla yake, kuma nan ne kaɗai sanyin na'ura ba ya yankewa. Na hau wata rana neman sa hannu. Zaure ne babba, samari da 'yan mata a jere kamar masu sallar Idi, kowa da abin sauraro a kunne, kowa na taya wani murna. Sun fi malaman jami'ar yawa, wannan ba sai an ƙirga ba. A bango akwai taswirar duniya da aka soke da ƙananan allurai masu launi, arewacin Najeriya ya sha su. Ina tsaye na ji muryar da na sani. Wata siririyar yarinya ce, tana cin gyaɗa tana karanta allo, tana gaya wa wani Mista Kabiru cewa saboda hazaƙarsa an yafe masa rabi. Ta ɗago ta dube ni, ta nuna mini kujerar jira da haɓa. Ban ji haushinta ba. Ita ma karatun labarai take yi, sai dai editanta ba ya tsoron Allah.

Editan nata mace ce, shugabar sashen, kowa Madam yake ce mata. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ɗalibi a wurinta kasuwa ne: akwai kasuwar Nepal, akwai kasuwar gabashin Afirka, akwai tamu.

Na sami Sanusi a bayan ɗakin cin abinci yana wanke kwano.

"Don mi ba ka hwaɗa min gaskiya ba?" na ce.

Bai ko ɗago ba. "In hwaɗa maka mi? Kai yanzu in Baba ya kira ka, mi za ka ce mai?"

Ya kife kwanon, ya ci gaba.

"Ka gani? Ni gonar gado anka sayar. In kira tsohuwa in ce mata kududduhi nit tarar? Kuma duk wanda ka kawo, ana rage maka kuɗin zango. Jakadu suka ce da mu. Kai ma za su neme ka, da wagga murya taka ta masu labarai."

Tambayarsa ta farko ita ce ta zauna mini, domin na san amsarta. A wurinmu matafiyi ba ya aika kuka gida. Tun kakanninmu da ke tafiya ci-rani a ƙasa haka abin yake: ko a kan kwali kake kwana, in an tambaye ka sai ka ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ana kiran wannan kara, ana kiransa sanin ya kamata, kuma asalinsa tausayi ne, don kada ka ɗora wa tsoho nauyin da ba zai iya sauke maka ba. Duk Juma'ar da Baba ya kira, lafiya lau nake cewa. In ya ce in aiko hoto a nuna wa mutane, ina zan tsaya in ba gaban zakunan siminti ba? Madam ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta gano wannan ɗabi'a tamu ta kafa rumfa a kanta. Na taɓa jin tana gaya wa wani wakili cewa tana son kasuwarmu, domin mutanenmu ba sa rubuta ƙorafi.

Kamar yadda Sanusi ya faɗa, aka neme ni. Madam ta sa aka kawo mini shayi mai madara. Ta ce ta ji ni ma'aikacin rediyo ne, suna son ɗan gajeren bidiyo da Hausa, a cikin ɗakin watsa shirye-shirye, jan fitila a kunne. Ta karanta mini abin da zan faɗa: burina ya cika, na sami gida nesa da gida, kayan aiki irin na zamani. Na ce mata a aikinmu akwai labari akwai talla, kuma in za mu sa talla sai mun sanar da mai sauraro cewa talla ce. Na ce in ana so in faɗi abin da na gani, a shirye nake.

Ta yi murmushi irin na jikin littafinsu. "Ka yi tunani, Mista Aminu. Ba ma tilasta wa kowa."

Gaskiya ta faɗa, ba sa buƙatar tilasta mini. Bayan 'yan watanni Mu'azu ya aiko mini da hoto. Mu'azu ɗan Kawu Ladan ne, ƙanen mahaifiyata da ke Shagari, ya gama sakandare yana son karatun haɗa magunguna. Hoton na wani ƙaton allo ne a bakin tashar Shagari. Ga ni nan da hula da furanni da babban yatsa a sama, idanuna jajur saboda rashin barci, an goge su sun yi fari. A ƙasa an rubuta da Hausa cewa burina ya cika.

Ranar Kawu ya kira ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Aminu, mun gan ka, mun gan ka! Allah shi yi albarka. To, ƙanenka ma sun zaɓe shi. Wata mata na ta kiran shi, ta ce rabi anka yahe mai. Yaron nan Sanusi na Horo Birni shi ka taimaka muna da takardu. Fadamar nan ta wajen Dandin Mahe za ni saki in an kwashe albasa, mai saye ya zo ya gani."

Na san fadamar. Ita ke ciyar da gidan Kawu daga kaka zuwa kaka, ita ke aurar da 'ya'yansa, ita ke kai matarsa asibiti. Shanun huɗa ana iya mayar da su. Fadama in ta fita hannu ta fita ke nan.

Na fara da Mu'azu, kuma nan na gamu da cikas ɗin da ban hango ba. Mu'azu taubashina ne, tun muna yara ba mu taɓa yin magana ba tsokana a ciki ba. Na ce masa ɗakin gwaje-gwajensu kwalabe ne a jere, ba a taɓa su sai baƙi sun zo.

Ya fashe da dariya. "Kai ɗan mace, tsoro kake in zo in hi ka hwarin jini! Ka ci ka yi ƙiba, ka hau allo, ni ka ce in zauna in yi ta ban ruwan albasa?"

"Mu'azu, wallahi ba wasa nike ba."

"Awo, ai ban taɓa jin ka ce wasa kake ba."

Da na matsa, dariyar ta ƙare. Da yamma ya sa rubutu a wayarsa inda kowa zai gani: hassada ga mai rabo taki ce.

Na koma wurin Kawu, na yi ta kewaye-kewaye irin na yaro gaban babba, a ƙarshe na ce a dakata da maganar fadama. Ya saurare ni har na gama.

"Aminu, kai da bakinka kac ce lahiya lau, ba sau ɗaya ba. Ga hotunanka babanka na nuna muna. Yau kuma ka ce ba haka ba? In da wata matsala, babanka ne zai hwaɗa min, ba kai ba."

Ya yi daidai, haka tsarin yake. Maganar yaro ba ta tayar da cinikin babba. Mutum ɗaya ne zai iya tsayar da Kawu, shi ne mutumin da ya sayar da shanunsa ya kuma yi shekara yana karɓar barka a bakin masallaci.

Na gaya wa Farfesa halin da nake ciki. Washegari ya hau benen gilashi ya karɓo makullin ɗakin watsa shirye-shirye da na ɗakin gwaje-gwaje, ya ce darasi zai yi. Ya miƙa mini su ya zauna a kan benci yana karanta jarida.

Na kira ƙanwata na ce ta kai wa Baba waya, ta buɗe hoto mai motsi. Hantsi ne a gida, yana zaune a zaure. Na ce, "Baba, yau rahoto za ni ba ka, ka yi haƙuri ka bari in kai ƙarshe." Na fara daga zakuna, na zagaya bayan bene. Na yi yadda aka koya mini: abin da ido ya gani kawai, ba ƙari, ba sharhi. Wannan shi ne tafki. Wannan ajinmu ne, malaminsa na uku ke nan a bana. Waɗannan wayoyin makirufo ne, ga su a leda. Nan ne Mu'azu zai koyi haɗa magani, ga ƙurar da ke kan kwalaben. Tallafin da aka ba ni, kowa an ba shi. Hoton da ke tashar Shagari a filin jirgi aka ɗauke shi, maganar da ke ƙasansa ba tawa ba ce. Ban taɓa karanta labarin da ya yi mini nauyi a baki kamar wannan ba, kuma muryata ba ta yi rawa ba sai da na zo kan shanu. Nan na tsaya.

Baba ya kau da ido daga allo. Sannan ya ce, "Na ji." Ya miƙa wa ƙanwata waya.

Juma'a ta zo bai kira ba. Wata ta zo, shiru. Labari daga Sanusi na fara jin sa. Ya tare ni a hanyar aji, fuska a murtuke.

"Ka kyauta. Mu'azu ya janye. Ka san abin da ka jawo min a zangon ga? Kai mai gaskiya, ko? To ga wasu nan tahe daga Dingyadi, je ka hana su."

Ban hana su ba, ban ma san su ba sai da suka iso. Allon tasha yana nan, na aika a cire aka ce na sa hannu tun ranar rajista cewa hotona nasu ne. Madam ta gamu da ni a matakala ta gaishe ni da fara'a, ta kira ni Mista Kabiru. Mu'azu ya toshe lambata. Har yau in mun haɗu a taron dangi gaisawa kawai muke yi, ba tsokana, kuma wannan ya fi zagi ciwo tsakanin taubasai.

Baba ya kira ranar wata Talata, ba ranar da ya saba ba. Ya ce ya shiga mota ya tafi Shagari da kansa. Ya tarar da Kawu a ƙofar gida tare da mai sayen fadama da dillali da shaidu, an shimfiɗa tabarma.

"Na so in ja shi gehe," ya ce. "Sai nig ga in na yi haka, gobe wani za a kai. Nac ce, Ladan, ni an cuce ni. Shanuna sun tahi a kan hoto. Duk abin da nac ce muku a kan makarantar ga, ban san shi ba nih hwaɗe shi. In ka sayar da fadamarka bayan ka ji wanga, kai kas sani."

"Gaban mutane, Baba?"

"Gaban mutane. Dillali har da cewa ashe abin da muka ji ba haka ba ne, Malam. Nac ce ba haka ba ne." Ya yi tari. "Ladan bai sayar ba. Bai kuma yi min rakiya ba."

Na fara ba shi haƙuri ya katse ni.

"Bari wannan. Karatun da ka samu, ko na dattijon nan ne shi kaɗai, ka tsaya ka ƙarasa shi, an riga an biya. Yanzu hwaɗa min, kuma ban son jin lahiya lau. Mi kac ci yau?"

Na ce shinkafa da wani ruwan wake mai yaji, kuma ban ƙoshi ba.

"To," in ji Baba. "Ci gaba, ina jin ka."